Dabinon Da Mika'ilu Ya Tauna

Tun da Ummulhairi ta zo Makarfi gidan Gwaggo Huseina ba ta ci tuwo ta ƙoshi ba. An ce ta zo taya aikin mazarƙwaila ne, tunda yankan rake ya kama, amma har kajin gidan sun san Alhaji Ashafa ya turo 'yarsa daga Ikara ne don ta yi nesa da bakin mutane, ta kuma yi nesa da Malam Mika'ilu. Abin da Alhaji ya manta shi ne, Kudan, garin su Mika'ilu, ya fi kusa da Makarfi a kan Ikara.

Da ba don abin da ya faru ba, da yanzu tana ɗakinta. An kai kayan sa rana, an tsayar da biki bayan kaka, 'yan matan unguwa har sun fara kiranta matar malam. Sai yayarta Saudatu ta zo gida goyon ciki, ta haifi ɗa namiji, haihuwar fari. Ranar kuwa Mika'ilu ya zo gaida Alhaji, bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba. Don Alhaji ya girmama surukinsa na gobe, ɗan gidan malamai, sai ya sa aka fito da jinjirin zuwa zaure ya miƙa masa.

"Malam, kai za ka yi masa huɗuba, ka tauna masa dabino. Allah ya sa ya ɗauko karatunka."

Mika'ilu ya tauna dabinon ya shafa wa yaron a dasashi, kamar yadda ake yi. Ba wanda ya kula da ɗan ƙurjin da ke gefen leɓensa. Wa zai kula? Kowa ya san ƙurajen zazzaɓi, ana ma murna da su, wai alamar ciwo ya fita ne.

Kafin suna yaron ya ƙi nono. Ƙuraje masu ruwa suka feso masa a baki, suka bi fuska. Bayan suna jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sanƙarewa. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka kira wanzami. Ana shirin neman mota zuwa Zariya rai ya yi halinsa.

A gidan makoki wata tsohuwa ta ce, "Ni dai lafiya lau na ga yaron nan har aka sa masa dabino." Magana ɗaya ke nan. Kafin a yi sadakar bakwai, Ikara ta gama yanke hukunci cewa saurayin Ummulhairi maye ne, ya lashe kurwar jinjiri.

To, yau da la'asar tana tsugune tana jera curin mazarƙwaila a kwando, Gwaggo Huseina ta shigo tana gyara mayafi.

"Ke, tashi ki wanke hannu. Kina da baƙo a zaure."

Ummulhairi ba ta ɗago ba. Ta ɗauka Muhammadu Lawal ne, akawun ofishin En'e, wanda tun da aka ɗaga bikinta ya gano cewa hanyar Makarfi tana da daɗin tuƙa keke. Duk zuwansa sai ya zo da sabulu mai ƙamshi da labarin abin da rediyo ta ce a kan sabuwar gwamnati, kamar da shi aka yi shawarar karɓar mulkin kai.

"Gwaggo, ki ce masa kaina ke ciwo."

"Wannan ba mai keke ba ne. Da ƙafa ya zo."

Curin da ke hannunta ya faɗi ya rabe biyu.

Gwaggo ta ɗauki tabarmarta da carbi ta zauna a bakin ƙofar zaure ta juya musu baya. "Ni kurma ce yau," in ji ta, "amma ba makauniya ba ce."

Mika'ilu ya rame. Shi ne abin da ta fara gani. Rigar da ta sani tana cika masa kafaɗa yanzu rataye take a jikinsa. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta gaishe shi da hanya, ta tambayi Malam babba, ta tambayi Inna, ta tambayi ɗalibai. Duk ya amsa. Da gaisuwa ta ƙare sai hawaye suka karɓa.

"Malam, ko saƙo? Ko a bakin 'yan kasuwa ka ce a gaishe ni? Kullum na ji sallama sai gabana ya faɗi. Ina tuƙa tuwo ina jin muryarka, ina salla ina mantuwar raka'a. Haka ake yi?"

"Ummulhairi, ban da bakin da zan aiko miki gaisuwa da shi."

"Kada ka faɗi haka! Ni ban taɓa yarda da maganarsu ba, ko na ƙiftawar ido." Ta share fuska da gefen mayafi, muryarta ta ɗan washe. "Ka ji abin da Baba ya yanke? Ranar Juma'a bayan an sauko, a zaurenmu, gaban liman. Ka yi alwala ka dafa Alƙur'ani ka ce babu hannunka babu bakinka a mutuwar yaron. Shi ke nan. Ya ce in ka rantse, ko duk Ikara za ta taru a kansa sai ya ɗaura aurenmu. Malam, kalma nawa ce?"

Ya sunkuyar da kai. Daga bayan gida ana jin ƙarar injin matse rake da dokin da ke zagaya shi.

"Na je Zariya," ya ce.

"Zariya kuma?"

"Tun da aka binne yaron nan barci ya ƙaurace mini. Na san ni ba maye ba ne. Amma na ga fuskarsa ranar suna, na ga ƙurajen, sai na ga kamar na san su. Na je asibiti na yi ta zama har wani likita Bature ya saurare ni, wani malamin asibiti yana yi mana tafinta. Na kwatanta masa komai. Ya tambaye ni ko akwai mai ƙurji a leɓe da ya sumbaci yaron. Na ce ba sumba ba ce, dabino ne."

Ummulhairi ta dafe ƙirji.

"Ya ce ƙwayar cuta ce ke kawo ƙurajen nan, tana cikin ruwansu da yawun mai su. Babba ba ta yi masa komai, ta warke ta kwanta a jiki, in ya yi zazzaɓi ta sake tasowa. Amma jinjiri sabon haihuwa ba shi da ƙarfin tare ta. Sai ta bi jini, ta shiga hanta, ta hau ƙwaƙwalwa. Ya ce ko su ba su da maganinta, ko da an kawo shi sai dai su yi addu'a irin tasu."

Gwaggo Huseina ta manta ita kurma ce. "Ƙurajen zazzaɓin? Haba Malam! Waɗanda ke fito wa kowa? Ai uban yarinyar nan ma tun muna yara in ya yi zazzaɓi sai sun feso masa."

"Su fa, Gwaggo."

"Amma bai ga yaron ba!" Ummulhairi ta matso ba ta sani ba. "Likitan bai gan shi da idonsa ba. Ya ce tabbas kai ne?"

"Bai ce tabbas ba. Ya ce wani lokaci daga jikin uwa jariri ke ɗauka wajen haihuwa, ita ma ba ta san tana da ita ba."

"To ka gani! Ka gani, Malam! Ba lallai kai ba ne. Ka rantse!"

Ya ɗago ya dube ta, irin kallon da ya sa ta fara sonsa, kallon da ba ya gaggawa.

"A bakinsa suka fara fitowa, daidai inda na shafa. Kuma kina so in tsaya gaban maza in ce ƙila daga jikin yayarki ne? Matar da ta binne ɗanta na fari? Kin san abin da Ikara za ta mayar da wannan magana kafin magariba."

Ta sani. Shi ya sa kukan ya ƙwace mata gaba ɗaya.

"To ni fa? Ni wa zai tausaya mini? Yaro ya riga ya tafi, ajalinsa ne, ko ka rantse ko kada ka rantse ba zai dawo ba. Ni ce a raye, Malam. Ni ce nake kwana ina juyi. Ka ce za ka koya mini karatu in mun yi aure, ka ce za ka dasa mini lalle a bayan ɗaki. Duk ka manta? Ka rantse, in ya so ka yi kaffara, ni ma in taya ka azumin. Wallahi in taya ka."

"Rantsuwar da mutum ya yi yana sane ba ta da kaffarar azumi, Ummul."

Bai taɓa gajarta sunanta ba sai yau. Ta ji abin har cikin ƙashinta.

"Ina sonki," ya ce. "Tun daga Kudan nake tafe ina roƙon Allah ya ba ni wata hanya, ban samu ba. In na dafa Littafin nan na yi ƙarya, da wane hannu zan buɗe shi in koya miki? Kuma ba yaron Saudatu ne jinjiri na ƙarshe da za a haifa a ƙasar nan ba. Na ji matar yayanki Ahmadu ma ta kusa."

"Bilki. Ko yau ko gobe."

"To kin gani."

Ya miƙe. Ta so ta riƙe gefen rigarsa, kunya da idon Gwaggo suka hana ta. Tana durƙushe ta bi sawunsa da kallo har ya sha kwanar gonar rake.

Gwaggo ta ja tsaki mai tsawo, amma idonta ya yi ja. "Mai keke dai da an ce ya rantse, kafin a rufe baki ya dafa. Ke kuma sai kika ɗauko mai gaskiya. Tashi mu shiga."

Ranar Alhamis suka hau motar kasuwa zuwa Ikara, don Gwaggo ta ce ba za a yi wannan zama tana wani gari ba. Ummulhairi ta sami mahaifinta a turakarsa lulluɓe da bargo. Zazzaɓi ya kwantar da shi tun farkon mako, ya fara sauka.

"Uwata, kin rame," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ta. "Ki kwantar da hankalinki. Gobe yaron nan zai rantse, mu rufe bakin mutane. Ni ban taɓa ganin maye mai haddar Alƙur'ani ba."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Baba."

Bayan sallar Juma'a zaure ya cika. Mata suka taru a bayan ƙofar cikin gida, Ummulhairi ta manne da bango, Saudatu na tsaye can gefe, ta harɗe hannu a ƙirji. Tun rasuwar ba ta yi wa ƙanwarta magana mai tsawo ba.

Suka ji liman ya yi addu'a. Suka ji an ce Mika'ilu ya matso.

"Na rantse da wanda ya saukar da wannan Littafi," muryarsa ta fito sarai, "ni ba maye ba ne, ban gada ba, ban saya ba, ban taɓa nufin yaron nan da sharri ba."

Zaure ya ɗauki "Alhamdu lillahi." A ranta Ummulhairi tana cewa, ya isa haka, ya Allah ka sa su ce ya isa.

Sai Usmanu, mijin Saudatu, ya ce, "Ba haka aka yi da mu ba. Ya ce babu hannunsa babu bakinsa."



"Malam Mika'ilu," in ji liman, "ka ɗauke hannunka. Lafiya?"

"Wannan ba zan iya rantsewa a kai ba, Allah gafarta Malam. Ajali na Allah ne. Amma ina kyautata zaton sanadin ta bakina ya bi."

Salati ya tashi ciki da waje. Ya yi ƙoƙari ya faɗi abin da likita ya gaya masa, ana katse shi. Wani ya ce maita ce ta sami sabon suna. Wani ya ce yanzu kuma Bature ne zai koya mana sunna. Usmanu sai da aka riƙe shi.

"Ban ce a bar sunna ba," Mika'ilu ya ɗaga murya, abin da bai saba ba. "A tauna dabino, a yi huɗuba. Amma don girman Allah, wanda ke da ƙurji a leɓe kada ya tauna, kada ya sumbaci jinjiri, kada ya tofa masa addu'a a fuska, sai ya warke. Ku kira ni abin da kuka ga dama, amma ku riƙe wannan."

Muryar Alhaji Ashafa ta fito a dishe. "Na ba ka ƙofa, ka rufe ta da hannunka. Tashi ka tafi. Ahmadu, gobe a mayar musu da kayansu."

Ummulhairi ba ta san lokacin da ta zame ta zauna a ƙasa ba. Ba ta ga fitarsa ba. Takun takalminsa kawai ta ji, ta san shi a cikin na mutum ɗari.

Kayan ba su tafi washegari ba, don da hantsi Bilki ta sauka. 'Ya mace, jawur da ita, mai yawan gashi. Gidan da ya kwana da baƙin ciki ya ɗan sami abin yin guɗa, ko da yake a hankali aka yi ta saboda Saudatu.

Aka wanke jaririya aka naɗe ta a zane. Alhaji ya shigo tsakar gida da kansa, yana murmushin farko tun kwana da kwanaki.

"Wannan karon ba baƙo," ya ce. "Ni zan yi wa jikata da kaina. Uwata, miƙo mini dabino."

Ummulhairi ta ɗauko a faifai ta durƙusa gabansa. Da ta ɗaga kai sai ta gani. A gefen leɓensa na sama, ƙarƙashin gashin baki, ƙananan ƙuraje sun taru sun yi ruwa.

Ta so ta hana shi, amma da wane baki? Wace 'ya ce za ta ce wa ubanta bakinsa na da cuta, a gaban surukai, kwana ɗaya bayan ya kori wanda ya faɗi haka? Za a ce son saurayi ne ya cire mata kunya. Alhaji ya ɗauki dabino ɗaya, ya yi bisimilla, ya kai baki.

"Baba!"

Ba ita ba ce. Saudatu ce, ta taho da gudu daga ƙofar ɗakinta ba ko ɗankwali, ta faɗi a gabansa ta riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Baba, kada ka tauna. Don Allah kada ka tauna. Dubi leɓenka."

Alhaji ya kai yatsa ya taɓa wurin. Ya dubi yatsan, ya dubi jaririyar, ya dubi 'yarsa.

"Irin su ne," Saudatu ta ce tana kuka. "Ni na yi jinyarsu, ni na san su. Irin su ne sak a bakin ɗana."

Alhaji ya sauke hannu a hankali, ya sa dabinon a tafin Ummulhairi, ya ja da baya daga inda jaririyar take.

"A kira Ahmadu," ya ce. "Ya zo ya tauna wa 'yarsa wani. A duba bakinsa tukuna." Ya juya ya shige turaka ya saki labule.

Sun yarda! Ummulhairi ta bi Saudatu ɗaki da sauri, ta durƙusa ta kama ƙafafunta.

"Yaya, kin yarda da shi. Kin ga ba maye ba ne, kin ga gaskiya ya faɗa. Ki gaya wa Baba, ke kaɗai zai saurara. Kayan suna nan ba a mayar ba. Yaya, ki taimake ni, wallahi ban iya rayuwa ba shi."

Saudatu ta zauna a bakin gado. Ta ɗora hannu a kan ƙanwarta tana shafawa, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Na yarda da shi, Ummul. Tun jiya na yarda. Mutumin kirki ne, ya fi duk mazan da ke zauren nan."

"To, Yaya..."

"Da maye ne, da na tsane shi na huta. Yanzu ba ni da wanda zan tsana." Ta ja numfashi. "Amma ki yi tunani. Ya zama mijinki. Ya zo gidan nan da salla, ya buɗe baki ya ce mini, Yaya ina wuni. Ni kuma in dubi bakin nan in amsa. Ku haihu, in zo barka, in ga ya ɗauki naku yana yi masa wasa. Shekara da shekaru. Ke za ki iya ce mini in yi?"

Ummulhairi ta saki ƙafafun yayarta.

"Ba zan hana ki ba," in ji Saudatu. "In Baba ya tambaye ni, zan ce na yafe masa, kuma har zuciyata na yafe. Amma ranar da aka kai ki Kudan, ki sani kin yi bankwana da ni. Ba don fushi ba. Ba zan iya ba ne kawai."

Daga tsakar gida jaririyar ta tsala kuka mai ƙarfi, irin na masu lafiya, mata suka sa dariya. Sai ga muryar Gwaggo Huseina a bakin ƙofa.

"Ummulhairi, ubanki na kira. Ya ce kafin a taɓa kayan nan, yana so ya ji daga bakinki: a mayar, ko a bari?"

Ta dubi yayarta. Saudatu ta kawar da kai tana kallon bango, inda zanen goyon da ba a taɓa goyo da shi ba yake rataye.

Ummulhairi ta miƙe. Sai a lokacin ta lura ta dunƙule hannu tun ɗazu, dabinon ya narke ya manne mata a tafi.